Ranar Da Bayarabiya Ta Gudu Da Ɗiyata

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ina jin wannan rana za ta rage. Ba za ni taɓa mantawa da safiyar da na zauna bakin ruwa a ƙasar Gana ba, na rantse ba ni ƙara taku ɗaya, alhali uwata tana tsallaken ruwan tana jirana.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Kurawa, ƙasar Sabon Birni, aure ya kawo ni Isa. Bayan rasuwar babanmu idon Innata ya soma hazo, sai yayana da ke sana'ar busasshen kifi a Yeji, can Gana, ya zo ya ɗauke ta don a duba ta, daga nan ta zauna wurinsa. Tana can na haifi ɗiyata ta fari, aka sa mata sunan Inna, amma Inna ba ta taɓa ganinta ba. Duk sa'ad da muka yi waya maganarta ɗaya ce: "Ki kawo mini takwarata tun ina ganin haske. So nike in ga kamarta da kaina, ba a ba ni labari ba." In ta faɗi haka sai in wuni ban iya cin abinci ba.

Maigidana fataucin albasa yake yi, ya san hanyar Gana. Da kaka ta yi, aka gama kai gero rumbu, ya ce in shirya. Zo ku ga murna! Ni da ko Sakkwato sau ɗaya na taɓa zuwa, ga ni za ni ƙasar waje. Na kira yayana ina tambayar yadda hanyar take, ya ce, "Kada ki damu, mota ce za ku yi ta sha, amma ƙarshen tafiyar jirgi za ku shiga, shi ka sauke ku kusa da gida."

Jirgi! Ni kuwa duk jirgin da na sani ana maganar shigarsa shi ne na alhazai. Kafin la'asar unguwa duka ta ji. Wata Hajiya maƙwabciyarmu ta zaunar da ni ta yi mini karatu: in cusa wa yarinya auduga a kunne, in riƙa tauna cingam, in sun kawo abinci kuma kada in yi kunya in ce na ƙoshi. Maigida ya shigo ya tarar tana nuna mini yadda ake ɗaure ɗamarar kujerar jirgin sama da gefen gyalenta. Ya dube mu, ya yi tari, ya juya ya fita. A lokacin na ɗauka kunyar Hajiya ce ta kore shi.

Tafiyar kam na ji daɗinta, duk da ban saki yarinya ko sau ɗaya ba. Ina goye da ita ko ina rungume, kowa ya miƙo hannu in ce barci take ji. Amma idona bai huta ba. Na ga jandarmomi suna Faransanci kamar suna kurkure baki, na ci burodi dogo kamar sandar makiyayi, na ga garuruwan da mata suke tuƙa babur da goyo a baya ba wanda ya ko waiwaya. Ƙasa ta riƙa sauyawa, gero ya ƙare, doya ta fara, itatuwa suka yi tsawo. Kowane gari muka shiga sai in taɓa maigida in ce, "Malam, nan ne filin jirgin?" Shi kuma ya ce, "Da saura."

Bayan mun wuce Salaga, da hantsi, motar ta gangara wani tudu ta tsaya. Na leƙa ta taga, sai na ga ƙasa ta ƙare. Ruwa ne shimfiɗe, fari fat, ya tafi har ya haɗu da sama. A bakinsa ga wani ƙaton abu na ƙarfe kamar an yanko unguwa guda an ɗora kan ruwa, da bene a gefe, ya saki wani faffaɗan harshe a ƙasa, manyan motoci shaƙe da doya suna hawa kansa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Malam, mi ne ne wanga?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Jirgin ke nan."

Dole in faɗa muku abin da ke tsakanina da ruwa. Ina ƙarama, wata damina, kwale-kwale ya kife da mata a gulbinmu suna dawowa daga gona, ni ina tsaye bakin gaɓa. Har yau ina ganin faifai da ƙoruka suna yawo a kan ruwan. Tun daga ranar ban sake sa ƙafa cikin kwale-kwale ba. In biki ya kama a tsallake, sai in jira rani in taka rairayi in je in yi barka. Maigida ya san da wannan sarai.

Na ce, "Ashe ka sani ka yi shiru?"

"Da na faɗa miki, da yanzu kina Isa kina tankaɗe."

"Ai gara Isa! Wallahi ba ni shiga. Ni da ɗiyata ba mu shiga."

Na sauko daga mota, na nemi wani kututture na zauna, na kwance goyo na ɗora yarinya a cinya. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya nuna mini shanu da ake korawa ciki, ya ce ko su ba su yi gardama ba. Na ce shanu ba su ga abin da na gani ba. Ya kira yayana ya miƙo mini waya, na ji muryar Inna tana cewa tun da asuba ta sa aka kawo ta bakin ruwa, an ba ta kujera, tana nan zaune. Na fashe da kuka, amma ban tashi daga kututturen ba. Ina son Inna, ina kallon ruwan, ruwan ya fi ƙarfina. Motarmu ta hau, mutane suka yi ta shiga, ma'aikatan jirgi suka soma ɗaga murya suna kiran waɗanda suka rage.

Sai na ji wata murya a kaina: "La'ila! Wa ya zubar da baiwata a nan?"

Na ɗaga kai. Wata dattijuwa ce, gajera, kakkaura, da ɗaurin kallabi kamar faifai, wani lebura na biye da ita da ƙunshin atamfofi a ka. Zanen Gobir da ke kumatuna take kallo tana dariya. Hausarta ta Yarbawa ce, wadda ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Kai Bagobiri, kuka kake yi? Ku da kuka ce yaƙi ne abincinku? Ashe maganinku ruwa ne, da mun sani tun tuni da bokiti za mu kore ku!"

Na san akwai wasa tsakanin Gobirawa da Yarbawa, na sha ganin maza suna yi a kasuwar Isa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Amma ni ba a taɓa yi da ni ba, kuma ranar ba ranar wasa ba ce a wurina. Na kau da kai. Maigida kuwa ya samu abin da yake so, ya ce, "Iya, yaushe bawa ya fara yi wa iyayen gidansa tsawa?" Suka yi ta musayar baƙar magana suna dariya, har ya gaya mata abin da ke faruwa, da maganar idon Inna. Na ga ta daina dariya. Ta dubi jirgi, ta dube ni, ta dubi maigida. Shi kuma na ga ya ɗan sunkuyar da kai, amma ban gane mi ake ƙullawa ba.

Ta duƙo tana yi wa yarinya wasa da yatsa, ta ce, "Wannan kam kyakkyawa ne, bai yi kama da ku ba." Ina cikin share hawaye da bakin gyale, sai na ji cinyata ba nauyi. Ta sunkuce ta! Ta saɓa ta a kafaɗa ta juya, tana faɗa da ƙarfi, "Ɗan baiwa na mai baiwa ne. Na tafi da kayana, kai ka zauna ka yi gadin kututture!"

Ban taɓa sanin mace mai wannan jiki tana da sauri haka ba, ban kuma san ni ma ina da shi ba. Na zabura ina ihu, "Jama'a, ɓarauniya! Ɗiyata! Ku tare ta!" Takalmina ɗaya ya fita ban tsaya ba. Na ture wani mai tallan ƙwai, na kutsa tsakanin motoci biyu, na bi ta wani matsattsen tsani na ƙarfe, idona na kan ƙafafun yarinya da ke lilo a bayanta. Mutane sai darewa suke suna dariya, ni kuwa ina mamakin wace irin ƙasa ce wannan da ake satar ɗa da rana tsaka ana dariya. A saman bene na cim mata, ta riga ta zauna kan benci tana haki, yarinya kuwa ta kama kallabinta tana ƙyaƙyata dariya. Na fizge ɗiyata, na duba hannu, na duba ƙafa, na buɗe baki za ni zage ta.

Sai jirgin ya yi wata irin ƙara, buuu, har cikin haƙorana. Na waiwaya. Harshen ƙarfen nan yana ɗagawa sama, kututturen da na zauna a kai yana ja da baya, ga maigida yana hawowa da jakarmu a hannu ɗaya, takalmina a ɗayan.

Iya ta ce, "To, sauka mana."

Na durƙushe a wurin ina salati. Ta jawo ni ta zaunar kusa da ita, ta kama hannuna ta matse a cinyarta. Ta ce, "Kada ka kalli ƙasa, kalli can nesa. Ni tun ina goyo nike hawa wannan abu, ga ni har na yi jikoki." Na rufe ido ina jiran a fara tangaɗi irin na kwale-kwale. Shiru. Sai ɗan kaɗawar inji a tafin ƙafa, kamar kana tsaye kusa da injin niƙa. Na buɗe ido ɗaya, na buɗe na biyu.

Wayyo, abin da na kusa hana kaina gani! Iska mai sanyi tana bugun fuska, rana tana wasa a kan ruwa kamar an watsa madubai. Ga busassun itatuwa tsaye tsakiyar ruwa, fararen tsuntsaye jere a rassansu. Iya ta ce da can duk daji ne da gonaki kafin ruwa ya ci wurin. Ga masunta suna wurga taru suna ɗaga mana hannu. A ƙasa kuwa kasuwa ce sosai ke ci, ana soya kifi, wani yana aski, wasu sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota suna hira, saniya tana tuƙa abinta ko a jikinta. Ban san lokacin da na miƙe na kama ƙarfen gefe ba, ina nuna wa yarinya tsuntsaye, ina cewa, "Malam, dubi! Malam, dubi can!" Shi kuwa yana ta murmushi daga nesa, don ya san akwai shari'a tsakaninmu. Iya ta sayo soyayyen kifi da doya ta tura mini, ta ce, "Ci, ba na son bayina su rame." Na ce, "Iya, an taɓa ganin bawa ya ci abinci kafin uwar gidansa? Ni na fara, ke ki jira ƙaya." Ta buga cinya ta yi shewa, ta ce, "Yawwa, Bagobiri ya farfaɗo!"

Da gari ya soma bayyana, rufin kwano da hayaƙin masu banda kifi, sai na matsa gaba ina leƙen bakin gaɓa. Tun kafin jirgi ya tsaya na hango yayana tsaye, kusa da shi wata 'yar tsohuwa a kujerar roba ta kare ido da tafin hannu tana kallon wani waje daban. Inna ta rame, ta yi ƙanƙanta. Na sauka da gudu na faɗa jikinta. Ba ta ko amsa gaisuwata ba, sai laluben bayana take tana cewa, "Ina take? Ina take?" Na kwanto yarinya na miƙa mata. Ta juya ta wajen haske, ta matso da fuskarta har hancinsu ya kusa haɗuwa, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Na gan ta. Goshin babanku ne. Alhamdu lillahi, na gan ta."

Muna cikin kuka sai ga Iya da leburanta. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce wa Inna, "Tsohuwa, na kawo maka bayina biyu, ka riƙe mini su da kyau." Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba, jin harshen kawai ya ishe ta. Ta ce, "Aikinki ke nan, dako. Allah shi yi miki albarka, ki wuce ki ɗebo mana ruwa." Iya ta tafi tana dariya har ta shige cikin mutane, ban sake ganinta ba, ko sunanta ban tambaya ba.

Kafin shekara ta zagayo idon Inna ya rufe gaba ɗaya. Amma har yau in muka yi waya tana kwatanta mini fuskar yarinyar nan dalla-dalla, har da ɗan tabon da ke gefen kunnenta.

Abin da na koya shi ne, tsorona gaskiya ne, amma na bar shi ya yi girman da ya kusa raba uwata da abin da ta fi so a duniya, ni kuma da na zauna da wannan nadama har in mutu. Na kuma gane mai taimakonka ba dole ya zo da lallashi ba. Wani da tsokana zai zo, ya yi maka abin da a ranar za ka so ka shaƙe shi, sai daga baya ka riƙa sa shi cikin addu'a. Ni dai duk sallar da na yi, Bayarabiyar nan tana ciki.