Jan Fentin da Ya Ƙi Bushewa

Jama'a, wannan labarin ba an ce mini ba ne, a kaina ya faru, kuma wallahi tallahi da akwai ƙari ko na kalma ɗaya a ciki da ban buɗe baki ba, don da ran ɗan'uwana a cikin maganar. A shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya ɓarke a ƙasar nan, lokacin da ma'aikacin da jiya ka gani yana tura keke yau za ka ji yana danna maka ham. Ni malamin gona ne a Wudil a lokacin, ina zagaya ƙauyukan Utai da Indabo a kan babur, to da aka yi mana ƙarin albashi ni ma sai ido ya buɗe, na je Kano na sayo wata farar mota ta hannu a wurin wani dillali. Na tambaye shi mai ita na farko, ya ce wani ɗan kasuwa ne mai zirga-zirgar gabas, ya rasu, magada suka sayar. Ban ƙara tambaya ba, hankalina duk yana kan sitiyari.

A shekarar ne kuma Allah ya kira Innarmu Makka. Mu biyu ta haifa maza, ni da yayana, Yaya Sale, direban babbar mota, mutum mai faɗa a baki amma zuciyarsa kamar ta mace in dai a kan Inna ne. Ni kuwa don rawar kai na riga na yi mata alkawari cewa a motata za a kai ta sansanin alhazai a Kano, ita kuma baiwar Allah ta bi matan unguwa gida gida tana faɗa musu a motar ɗanta za ta tafi. To damina ta wuce ke nan, tayoyin duk sun sha taɓo, sai na ce ba a bakin kogi za a wanke mini ita ba, da hannuna zan yi a gida, in cire tayoyin ɗaya bayan ɗaya in wanke har ciki. Wani bakanike kuma ya taɓa ce mini ƙarfen nan da yake damƙe faifan birki na gaba, in ana shafa masa jan fenti tsatsa ba ta cin sa, sai na sayo gwangwani ɗaya da ɗan burushi.

Akwai wani fili a gefen zaurenmu da aka zagaye da katanga aka sa masa ƙyauren kwano, a nan nake ajiye ta. Na ɗaga gaban da jak, na tokare gefe ɗaya da kututturen maƙarfo, ɗaya gefen na hagu da wani tsohon turmin Inna mai ƙwarin gaske, na kwance notika na fito da tayoyin. Na dama bai ba ni wahala ba, ruwan ɗumi da garin sabulu da soso, nan da nan wilin ya fito fes. Amma da na juya na hagu, sai na ga cikin wilin da ƙarfen birkin duk sun yi wani baƙin ɓawo mai kauri, hawa hawa, kamar ƙanzon tukunya. Na ɗauka tsatsa ce da taɓo. Ina zuba ruwan ɗumi sai abin ya fara narkewa yana gangarowa jajaja, wani ƙarni ya taso, kafin ka ce me ƙudaje sun cika wajen. Da nake kankarewa da tsohuwar wuƙa har da 'yan gashin kaza da gashin akuya nake cirowa a ciki. Na ce a raina, kai, wannan mamacin ya taka dabbobin mutane da yawa. Na goge da burushin ƙarfe, na bi da kananzir, na bari ya sha iska, na naɗe faifan da tsohuwar jarida don kar fenti ya taɓa shi, na shafa jan fentina siriri a duka ɓangarorin biyu. Wallahi ya yi kyau, har na ja baya ina kallo ina jin daɗi.

Ina cikin haka Yaya Sale ya shigo. Bai ko kalli fentin ba, ruwan da ya kwanta a ƙasa ya tsura wa ido, ya tsuguna ya ɗauki gashin kazar nan ya jujjuya, sai ya ce, "Kai ɗan boko, me ka kankare a nan?"

Na gaya masa. Sai ya ce mini a cikin masu doguwar tafiya akwai waɗanda suke ciyar da mota, duk shekara su yi yanka su zuba jinin a cikin tayar hagu ta gaba don neman tsari, kuma wai in an fara ba a bari. Ya ce shi bai taɓa yi ba, Allah ya kiyashe shi, amma duk yawonsa bai taɓa jin wanda ya wanke ba, balle ya rufe da fenti. Ya ce in nemo jan zakara a mayar da abin yadda aka same shi, bayan Inna ta tafi in san yadda zan yi da motar.

Ni kuma raina ya ɓaci, don dama ina da saurin hawa. Na ce haba Yaya, tsohuwa za ta ɗakin Allah, mu kuma mu tsuguna muna yi wa taya yanka? Wannan ai shirka ce tsagwaronta. Ya ce shi bai ce halal ba ne, shi dai uwarsa ba za ta shiga motar nan a haka ba. Muka yi ta sa-in-sa da murya ƙasa ƙasa don kar a ji a cikin gida, ya fita ko sallama bai yi mini ba.

Washegari na dama ya bushe ƙarau, na mayar da tayarsa. Na hagu kuwa kamar yanzu na shafa, ka taɓa ya biyo yatsa. Gwangwani ɗaya, burushi ɗaya, rana ɗaya ke dukan su, kuma kun san zafin kaka ba wasa ba. Na ce ko kananzir ne ban goge da kyau ba, na wanke fentin tas na sake shafa sabo. Bayan sallar azahar ina zaune a ƙasa ina goge murfin taya, ƙyauren kwanon nan a sakace ta ciki, ni na saka sakatar da hannuna, sai kawai na ji an ce, "Sannu da aiki."

Wani ɗan gajeren mutum ne tsugune a gaban tayar hagu, da tsohuwar riga baƙa ta saƙi, ba hula. Bai yi sallama ba, kuma ban ji ƙarar ƙyaure ba, ƙyauren da ko iska ta taɓa sai makwabta sun ji. Kajin gidanmu da suke ta tsattsaga a wajen duk suka yi tsit, ƙarnin jiya ya dawo ya cika mini hanci. Fuskarsa kuwa, na rantse muku na kalle ta, amma har yau in aka ce in kwatanta ba zan iya ba. Ya miƙa yatsa ya dangwali fentin, ya kai hanci ya shinshina, ya ɗan lasa, ya tofar.

Ya ce, "Wannan ba shi ba ne."

Na ce, bawan Allah, wa kake nema? Ya ce ba ya neman kowa, lokaci ne ya yi, kuma an kwashe musu har na baya. Ya ce, "An ce tsohuwa ce za ta hau?" Nan na runtse ido na kama a'uziyya da duk abin da ya zo bakina, da na buɗe babu kowa. Sakata na nan yadda na sa ta. Ƙasar wajen a jiƙe take da ruwan wankin taya, sawuna ne kaɗai a kai.

Tsoro kam na ji shi, tsoron da ban taɓa ji ba. Na tafi wurin limamin unguwarmu na zayyane masa komai, ya ce kul, kar in kuskura in yi yankan nan, ya yi tofi a ruwa ya ba ni na yayyafa wa motar gaba da baya. Na je na lallaɓi Inna ko za ta yarda a ɗauko mata shata, na ce motar ta ɗan sami matsala, ta ce ita fa ta riga ta faɗa wa duniya, in gyara ne a gyara, ko da tura ta za a yi a ciki za ta tafi. Gaskiyar maganar kuwa ba mu iya gaya mata ba, tsohuwa mai hawan jini tana shirin hanya. Da yamma na sami Yaya a tasha na ba shi labarin mutumin nan, har da tambayar da ya yi a kan tsohuwa. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya dai share zufa da hularsa ya ce in je gida.

Ana gobe tafiya ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, gari ya cika da shanu da mutane. Fentin nan har lokacin danye sharaf, tayar na jingine da katanga, gefen hagu na kan turmi. Ni na riga na yanke a raina cewa da safe zan ce mota ta ƙi tashi, in jure fushin Inna. Na tafi masallaci, na duba sahun da Yaya ya saba tsayawa ban gan shi ba. Ana sallamewa na kamo hanya, tun daga nesa na jiyo kururuwar mata daga gidanmu.

Mai ɗakina ta ce ba su ji shigowar Yaya ba, ƙara kawai suka ji, tim, kamar an yar da buhu daga kan soro. Turmin nan da aka yi shekara da shekaru ana daka a cikinsa ya tsage biyu daga sama har ƙasa, motar ta sauko, ƙarfen birkin ya danne Yaya Sale a ƙirji, don ya kwanta ne ya shiga ƙarƙashi yana son ya kai hannu ta ciki. A gefensa ga jan zakara an ɗaure masa ƙafafu, da ransa, yana ta ƙifta ido, ga wuƙa a ƙasa ko ɗigon jini babu a jikinta. Maza suka taru muka ɗaga motar muka jawo shi, jini na fita ta bakinsa da hancinsa. Ya damƙi rigata ya jawo ni kusa, ya ce, "Ka shaida, ban yanka ba." Ya sake faɗa, sannan ya yi kalmar shahada, shi ke nan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wajen ɗaga motar hannuna a kan ƙarfen nan ya sauka, sai daga baya na tuna na duba tafina, babu fenti ko kaɗan. Na koma na taɓa. Ya bushe ƙam kamar an gasa shi, kuma jan ya rine ya koma baƙi baƙi.

Kafin magariba aka kai shi makwancinsa. Washegari muna zaman makoki a ƙofar gida, mutane na zuwa layi layi suna gaisuwa, direbobi da 'yan kamasho da abokan aikina, ina sunkuye ina amsawa, sai ƙarnin nan ya bugi hancina. Na ɗaga kai, ga baƙar rigar saƙi a tsugune a gabana, a tsakiyar mutane, da rana tsaka. Ya ce, "Ya haƙuri? An ba mu fiye da yadda aka saba." Ya miƙe, ya ɗan juyo ya ce, "Sai baɗi." Na damƙi hannun dattijon da ke kusa da ni na ce, Baba, wane ne wannan da ya tashi yanzu? Ya ce wa fa, ai tun da liman ya shafa fatiha babu wanda ya tsuguna a nan.

Inna ta tafi Makka a shekarar, bayan an share makoki, don dangi sun ce kar ta fasa, ta je ta yi masa addu'a a can. A motar haya aka kai ta Kano, tana kujerar baya ta rufe fuska da mayafi har muka isa. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tambayata me ya kai ɗanta ƙarƙashin mota da zakara a ranar Juma'a ba, ni ma ban faɗa ba. Ni dai na san ban yi kuskure ba da na ƙi yankan, ko yau aka dawo da ni ba zan yi ba, amma wannan bai hana ni kuka ba duk sanda na tuna yadda ya share zufa ya ce in je gida.

Motar kuwa dillalai sun yi ta zarya, na ce ko kyauta ba zan ba ɗan musulmi ba. Na sa aka mayar da tayar, aka ja ta da shanun huɗa har wani kwazazzabo can bayan Lajawa inda ko makiyaya ba su cika bi ba, aka tura ta ciki. Da kaka ta zagayo na yi ta zaman ɗar ɗar, ba na yarda in zauna ni kaɗai bayan azahar, amma bai zo ba. Sai abin ya dame ni, na hau babur na je in ga motar. Tana nan yadda muka bar ta, gilasai, kujeru, batir, har rediyo ba wanda ya taɓa. Ƙarfen birkin hagu kaɗai aka cire, kuma da sifana aka kwance shi a tsanake, an jera notikan a kan wani dutse.

Don haka 'yan'uwa, in kun sayi mota ta hannu ku tambayi tarihinta kafin ku tambayi kuɗinta, in kun ga abin da ba ku gane ba a jikinta kar ku yi saurin kankarewa ku kaɗai, ku nemi malamai, kuma don girman Allah kar wanda ya kwanta ƙarƙashin mota a kan turmi ko dutse. In bakanike ya kawo muku tsohon ƙarfen birki daga kasuwa, ku juya shi ku duba da kyau, ku shinshina. Ni tun daga ranar makokin nan mutumin bai sake zuwa wurina ba, kuma ba na jin yafewa ya yi.