Ranar da na hana ɗalibaina cewa amin

Shekarun baya, ina koyarwa a wata sakandare a Talata Mafara, zaɓe ya ƙarato, sai na ce bari in nuna wa ɗalibaina yadda ake muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa. Ni da ko kansila ban taɓa yi wa tambaya ba, na zama malamin 'yan jarida.

Na raba su, wasu 'yan takara, wasu 'yan jarida. Tun a gwaji suka fara ba ni ciwon kai. Da ɗan takara ya ce zai gyara hanyar Bakura ko ya kawo taki, sai 'yan jaridar nawa su haɗa baki su ce amin, Allah ya ba da iko. Na buga tebur na ce ba wurin ɗaurin aure muke ba. Ɗan jarida ba ya cewa amin, tambaya yake yi, in an kauce masa ya maimaita.

Ranar muhawara wani ɗalibi mai baki cikin 'yan takara ya sha babbar rigar yayansa, yana ta zuba alkawari. Sai wata ɗaliba cikin 'yan jarida, da ba ta cika magana ba, ta miƙe. Daga Janbako suka yi gudun hijira, amma ban san 'yan bindiga sun ɗauke mahaifinta a gona ba sai a lokacin.

Ta ce, "Babana na hannun mutanen daji. Yaushe za shi komo gida?"

Ɗan takara ya gyara riga ya ce gwamnatinsa za ta samar da tsaro. Ta maimaita tambayar, yadda na koya mata. Ya ce zai ƙaro sojoji. Ta sake maimaitawa, ba ta zauna ba.

Yaron nan ya cire hula ya sunkuyar da kai. "Wallahi ban sani ba. Allah shi maido shi lahiya."

Kowa a ajin ya zuba mini ido saboda dokar da na kafa. Ni na fara cewa amin, da ƙyar ta fito.

Mahaifin bai dawo ba. Bayan girbi labarin rasuwarsa ya iso, muka je gaisuwa gidan kawunta inda suke zaune. Da zan tashi ta rako ni zaure, ta ce kowa ya yi ta ce musu gobe ko jibi zai dawo. "Malam, yaron nan mai babbar riga, shi ɗai ya hwaɗa man gaskiya."

Har yau abin yana yi mini ciwo. Duk lokacin da aka sa muhawara a rediyo nakan zauna in saurara har ƙarshe, ina jiran wanda zai ce bai sani ba. Ban ji ba tukuna.