Aganar Jagaba Idi

Ina sauke kwalayen dabinon Khaibar daga mota ƙanwata ta kira ni. Ta ce, "Yaya, Hajja ta rasu." Na ajiye kwalin da ke hannuna a hankali, na zauna a kansa. Kwana shida ke nan da matata ta haifi namiji. Hajja, kakata ta wajen uba, ta riga ta aiko cewa a sa masa Idrisu, sunan mahaifinta. Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Muna yara a unguwar Harra ta Gabas a Madina, idan sanyi ya sauka, bayan magariba Hajja takan hura gawayi a kasko a tsakar gida, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Takan ce, "Ga ta nan, amma ba ta Gizo ba ce, ta ubana ce." Mu ce ta zo mu ji ta. 'Ya'yan baffana kuwa sai su ce, "Yalla ya sitti," wato maza fara, kaka. Ta harare su ta ce, "Bakinku ya ci tuwo da Hausa, ya amsa da Larabci."

Mahaifinta shi ne jagaba a ayarin da ya taso daga ƙasar Hausa zuwa hajji a ƙafa, ita tana goye. Aikin jagaba ya wuce gaba da yini guda, ya nemo hanya da ruwa. Matsalar ita ce kowace rijiya da masu ita, kuma babu ƙauyen da ke son baƙi arba'in da jakunansu a tsakiyar bazara.

Sai Jagaba Idi ya samo dabara. In ya hango ƙauye, sai ya ɗiɗɗiga ƙullun gero a fuska da hannuwa, ya bari ya bushe, ya shiga yana soshe-soshe. Nan Hajja takan miƙe ta gwada mana tafiyar, tana jan ƙafa. "Bayin Allah, ku taimaka da ruwa. Agana ce ta kama mu. Mutum arba'in na bayana, ni ne mai dama-dama a ciki." Kafin la'asar ƙauye ya watse cikin daji, har da kaji. Ayari ya iso, a sha, a cika salka, a wuce.

Wurin da muka fi so shi ne inda ya gamu da wata tsohuwa mai zanzana a fuska, wadda ta yi tata aganar tun tana yarinya. Ba ta gudu ba. Ta matso, ta ɓanɓaro ƙurji ɗaya daga goshinsa, ta jefa a baki, ta tauna.

"Ɗan nan," in ji ta, "cutarku ba ta ji gishiri ba."

Ta bi shi da muciya har bakin rijiya, ta sa shi ya shayar da awakinta kafin ya sha. Mu yi ta dariya har shayi ya zube, Hajja na share hawaye da gefen gyale tana cewa, "Wallahi har ya mutu ba ya son kunun gero."

Sai da na girma na fara jigilar ruwa a tanka zuwa gonaki, na ga yadda mutum ke kallon ruwan da ya rage masa, sannan na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba.

"Hajja, su mutanen da suka gudu, da suka dawo fa?"

Ta daɗe tana juya cokali a kofi. "Wani wurin sun tarar da ruwa. Wani wurin laka."

"Sai yaya?"

"Ya waladi, ni a goye nake. Da bai yi ba, da kai ba ka nan kana yi mini tambayar alƙali." Can kuma ta ce, "Da muka iso Madina, tulu ya ɗauka. Shekara talatin yana shayar da alhazai kyauta. Bai taɓa faɗa mana dalili ba."

Na sha juya wannan a raina. Mutum arba'in sun rayu, daga cikinsu muka fito, gidaje da yawa. Waɗancan kuwa ba mu san ko sunan ƙauyensu ba, balle mu nemi gafara. Wani lokaci in ga jarumi, wani lokaci in ga mutum mai ƙullu a fuska yana korar mata da yara daga rijiyarsu. Hajja tana ganin duka biyun, kuma tana dariya, kuma tana son ubanta. Ni ban iya haɗa su haka ba.

Mun binne ta bayan azahar. Gobe ne suna. Rago na ɗaure a ƙofar gida, baffana ya tambaye ni sau biyu, kuma har yanzu ban faɗi sunan yaron ba.