Farar Lambar Baba

A Gubuchi ba mu da ruwan da ya fi ƙarfin ɗan akuya, amma mahaifina sojan ruwa ne. Ci-rani ya kai shi Ikko yana saurayi, yaƙin Turawa ya same shi a can, aka ɗauke shi aikin zuba kwal a jirgin yaƙin Ingila. Ya ce a can ƙasan jirgi suke aiki, ba sa ganin rana, in aka yi harbi sai dai su ji ƙarfe yana rawa a tafin ƙafarsu.

Ba wanda ya yarda da shi sosai. 'Yan mazan jiya da suka je yaƙin Bama suna da juna, wannan ya ba da labari wancan ya ce an yi haka. Shi kuwa shi kaɗai ne. In ya fara zancen teku a dandali, sai wani ya ce, "Sarkin ruwa, yau kifin ya kai raƙumi ko ya fi?" A kwashe da dariya. Abin yana ƙona mini rai, amma ni ma a ciki-ciki ina ganin Baba yana ƙara gishiri.

Takardar sallamarsa gara ta cinye. Shaidar da ta rage masa lambobi uku ne a cikin gwangwanin taba: taurari biyu na tagulla, da wata fara mai kan Sarkin Ingila. Farar ya fi ji da ita. Yakan goge ta da toka, ya ce mini, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wannan azurfa ce zalla. Ba a ba mutum azurfa a banza."

Shekarar da aka sa ranar aurena, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. A lokacin mata kan kai tsofaffin sulalla wa maƙerin fari ya narka ya yi musu zobe ko 'yan kunne. Ƙawayena duk sun yi, ni ban da ko ɗaya. Na ce a raina Turawa sun tafi, sarkin nan ma an ce ya mutu, me kansa zai yi wa Baba a gwangwani? Rannan ya tafi yankan dawa, na ɗauke farar, na bi 'yan talla zuwa kasuwar Makarfi.

Maƙerin ya juya ta, ya ce, "'Yar nan, da sanin mai ita?" Na ce da saninsa. Ya cire ƙyallen da ake rataya ta da shi, ya jefa ta a kasko, ya hau zuga. Ta daɗe ba ta narke ba, har ya fara tsaki. Da ta narke ya zuba, ta huce, ya goga a dutse ya girgiza kai.

"Wannan ba azurfa ba ce. Farin ƙarfe ne kawai. In na yi miki zobe, yatsarki zai yi kore."

Ya miƙo mini wani dunƙule kamar kashin awaki. Na dawo gida, na mayar da shi gwangwani tare da ƙyallen, na yi gum da bakina.

Bayan kwanaki aka aiko mazan jiya su taru a Ikara da lambobinsu. Baba ya yi wanka da hantsi, ya sa farar riga, ya buɗe gwangwani. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji ya yi salati. Na zo na durƙusa na faɗi abin da na yi. Bai ɗaga murya ba, sai juya dunƙulen yake a tafin hannu. Shirun ya dame ni, na nemi abin da zai rage mini laifi.

"Baba, ka yi haƙuri. Ai maƙerin ma ya ce ba azurfa ba ce."

Ya ɗago ya dube ni. "Ba azurfa ba ce?"

"Haka ya ce, Baba."

Sannan ya tuɓe rigar, ya ninke, ya ɗauki lauje ya tafi gona. Bai je Ikara ba. Da aurena ya zo, ya yi mini komai, ya sa mini albarka, bai taɓa tayar da maganar ba. Amma daga ranar bai ƙara zancen teku ba, ko a dandali ko a gida. Masu tsokanarsa suka gaji suka bari.

Satar da na yi ya yafe mini tun a ranar, na gani a idonsa. Maganar da na ƙara a kai ce har yau take ci mini rai. Shekarun da ya yi a ƙasan jirgi, abu ɗaya ya riƙe, cewa waɗanda ya yi wa aiki sun san darajarsa, ni kuma na ƙwace masa don in tsira daga faɗa.

Dunƙulen yana wurina. Jikokina kan tambaye ni sunan jirgin da Baba ya yi aiki a ciki. Ya faɗa mini ya fi sau ɗari, lokacin ban saurara ba.