Zagaye Goma a Sitta Shawwal

Har gobe idan na tuna ranar da Sadisu ya faɗi a filinmu sai gabana ya faɗi. Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro jihar nan ba, ni kuma ina malamin wasanni a wata kwaleji kusa da Dutse, ni ne kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Ƙuruciya na ɗibana, ga zafin kai, ga usur a wuya. Gani nake duk duniya ba wanda ya kai ni sanin aiki.

Sadisu ɗan Buji ne, ɗalibin aji biyu. Lamba goma na ba shi, wato mai raba wa 'yan gaba ƙwallo. Gudu gare shi na ban mamaki, amma da ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ya yi maza ya rabu da ita. Wata uku na yi ina koya masa ya ɗaga kai, in babu wanda zai ba wa ya kutsa da ita da kansa. Ya fara kamawa ke nan aka yi ƙaramar Sallah.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Da muka dawo daga hutu saura mako guda gasar kwalejoji, sai na dawo da atisaye ƙarfe uku na rana. A lissafina azumi ya wuce, kowa ya ci ya ƙoshi. Sam ban kawo Sitta Shawwal a raina ba, azumin nan na nafila na kwana shida da ake yi bayan Sallah.

A ranar, Sadisu sai jan ƙafa yake. Sau uku ana ƙwace masa ƙwallo.

Na ce, "Kai, lafiyarka kuwa?"

Ya ce, "Lafiya ƙalau, Malam."

Na ce, "To tuwon Sallah ne bai sake ka ba. Zagaye goma!"

Ya kama gudu. Yana cika zagaye na bakwai na ga ya karkace, ya kifa da fuska.

Da na taɓa shi, jikinsa zafi rau, kuma babu ɗigon gumi. Mun karanta wannan a kwas ɗin aikinmu: zafin rana ne ya buge shi, kuma na san yana iya kisa. Motar makaranta ta tafi unguwar Takur da shugaban kwaleji, sai na tura kyaftin titi ya taro kowace mota. Muka ja shi gindin darbejiya muna kwara masa ruwa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ba abin da nake gani sai kaina a tsugune gaban mahaifinsa.

Can ya buɗe ido. Na kai masa kofi baki, ya datse haƙora.

Abokin ɗakinsa ya ce, "Malam, azumi yake. Yau na huɗu. Cewa ya yi kada a faɗa, ba ya son ladan ya ragu."

Na roƙe shi, na yi masa tsawa, na sake roƙo. Kai kawai yake girgizawa, idon yana neman juyewa. Aka ruga aka kira limamin kwaleji, dattijo, ya baro alwalar la'asar ya zo ba ko takalmi. Ya durƙusa ya tallafo kansa.

Ya ce, "Sadisu, ɗana, Liman ne. Sha. Allah bai ce ka kashe kanka ba. Ka rama wata rana, in da laifi a wuyana."

Sai da ya faɗa sau biyu sannan bakin ya buɗe.

A bayan akori-kura muka kai shi asibiti, aka sa masa ƙarin ruwa. Likita ya ce in sa goshina a ƙasa in gode wa Allah. Da aka bar ni na shiga, na tsaya ina neman ta inda zan fara ba shi haƙuri, sai ya riga ni.

Ya ce, "Malam, ka yafe mini. Saura uku ban ƙarasa ba."

Fita na yi na jingina da bango na yi kuka, ban damu da masu wucewa ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Yaranmu ba sa ce wa babba sun gaji, kuma mai nafila ba ya shela. In ka tambaya, "lafiya ƙalau" za ka ji. Tun daga ranar, kafin in busa usur sai na zagaya da ruwa, in miƙa wa kowa da hannuna. Wanda ya ce ya gode ba tare da ya sha ba, benci zai zauna.