Clara Mai Karanta Bayan Leda

Duk layinmu a Samaru an san Clara, Maman Jemimah, malamar firamare mai ritaya wadda ba a yi mata gaggawa. Mijinta Sati ya yi shekara ashirin da shida yana kula da shanu a Shika, kaska ta cije shi ba adadi. Wata rana ya ci tsire, bayan 'yan awoyi jikinsa ya yi rudu-rudu, numfashi ya sarƙe. Likita ya ce cizon kaska ne ya jawo, daga yanzu jikinsa ba ya karɓar naman saniya, akuya, rago ko alade. Kaza da kifi ne nasa. Na tausaya masa ƙwarai, don tun daga lokacin ya daina cin komai a taro, sai dai ya zauna yana kallon mutane.

Nama a tukunya ba ya ɓuya. Kayan leda ne suka ba Clara aiki, domin akwai jelatin, wani danƙo da ake tatsowa daga fata da ƙashin dabba a sa a alawa. Ta riƙa tsayawa a shagunan Sabon Gari tana juya kowace leda, masu shago suna hamma, ita ko a jikinta.

Da bikin Jemimah ya matso, Clara ta rantse sai Sati ya ci duk abin da za a raba wa baƙi. Ta je wurin Alhaji Ridwan, dilan alawa da biskit, ya miƙo mata wata alawa mai taushi. Tana ganin jelatin a baya ta ajiye.

"Madam, ga tambarin halal nan," in ji shi. "Babu alade ko kaɗan. Ita nake kai wa yarana."

"Alhaji, ai saniya ma halal ce."

Alhaji bai yarda ba. Sai ta kira lambar da ke jikin ledar, ta buɗe murya kowa na ji. An yi ta miƙa ta daga wannan zuwa wancan, har wata mata ta tabbatar cewa daga fatar shanu ake yin danƙon. Alhaji ya kama baki. Shekara talatin yana wannan sana'a, ya ce, bai taɓa tunanin tambarin bai isa ba. Da kansa ya sauko da katan-katan, suka bi su ɗaya bayan ɗaya har suka samo wadda aka yi da danƙon 'ya'yan itace, da biskit na man gyaɗa.

Ranar biki ina kusa da Sati aka zo da farantin alawa da biskit ɗin. Ya dubi matarsa, ta ɗaga masa kai. Ya cika hannu, ya cika aljihu kamar ɗan firamare, ya ci, ya yi rawa da 'yarsa har aka watse lafiya lau. Rabonsa da sa hannu a faranti ɗaya da jama'a shekara uku ke nan.