Bishiyar Ƙofar Tela

Yayana mai zane ne, amma ba ya zana mutum. Tun yana ɗan makaranta duwatsu da gonaki da bakin rafi ne aikinsa, yanzu ga su nan rataye a otal-otal. Sama yake fara shafawa da fenti tsararo, ya bari ta bushe, sannan ya ɗebi ƙasar wurin da yake zanawa ya cakuɗa a fentin. Ganye kuwa da bakin wuƙa yake ɗora shi. Ba ya kwafa daga hoto, kuma sai da hantsi yake aiki. Shi ya sa komai nasa tafiyar hawainiya ce.

Akwai wata tsohuwar bishiya a bakin layinmu, dab da shagon tela. Gara ta cinye cikinta, telan har ya kira masu sara. Yayana ya je ya yi ta magiya a jira ya gama zana ta tukuna. Telan mutum ne mai kunya, ya sallame su.

Ni ƙanwarsa ke share masa ɗaki, saboda haka na san ranar da ya gama, har ya sa hannu a ƙasa. Amma ya ƙi faɗa wa telan, don ba ya son a sare ta ya leƙa taga ya ga fili. Yana cikin wannan nuƙu-nuƙu aka yi iska. Reshe ya rufta kan shagon, ya karya wa telan ƙafar da yake taka keken ɗinki. Washegari aka sare bishiyar.

Kunya ta hana yayana zuwa duba shi a asibiti, ni ya riƙa aikawa. Abinci ma ya gagare shi. Na ce ya je ya faɗi gaskiya ya huta, ya ce da wane ido.

Da aka sallamo telan, sai ya aiko yana son ganin zanen. Kafin ya iso, yayana ya kankare rabin rassan, har da sa hannun. Na ji kamar in yi kuka, don bai taɓa aikin da ya kai wannan kyau ba.

Telan ya shigo yana dogara sanda, ya daɗe yana kallo.

"Ashe ba ka gama ba," in ji shi. "Ayya, maƙwabci, ka yi haƙuri. Ni ƙashi ne, zai haɗe. Kai fa, ina za ka samo bishiyar?"

Yayana ya buɗe baki, na ɗauka zai faɗa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai."